Ruwan alwala yana kwanciya a bayan masallacinmu: za mu iya raya itatuwa da shi?

Ɗan Kwamiti, Sinnar

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena malamai da 'yan'uwa masu sana'a, haske muke nema. Masallacinmu na Juma'a yana wani ƙauye kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Wurin alwala famfo takwas ne, tanki ɗaya ke ba su ruwa, kuma duk ranar da injin rijiya ya tsaya sai an sayo gangar ruwa a wurin masu karo, wato keken jaki. Abin da aka yi alwala da shi yana bin wata kwata ya fita bayan katanga ya kwanta a kan hanya. Ƙasar tamu kun san ta, baƙar laka ce, idan ta ƙoshi ba ta ƙara shan ko ɗigo. Wurin ya yi kore, sauro ya yi gida, maƙwabta sun fara magana, kuma gaskiyarsu ce.

A ɗaya ɓangaren filin masallacin fetal yake, ko inuwar ajiye takalmi babu. Itatuwan bakin hanya sun tafi a gawayi tun da gas ya yi wuya bayan ɓarkewar yaƙi a 2023. Juma'ar Afrilu da Mayu, mutanen sahun waje a kan ƙasa mai zafi suke sujada.

Muna so mu karkata ruwan nan zuwa itatuwa. Wasu dattawa sun ce ruwan alwala ƙazanta ne, ba a kai shi farfajiyar masallaci. Mene ne hukuncinsa? Idan ya halatta, yaya ake gina abin a irin wannan laka? Wane ice ya dace?

Malam Na Zaure

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ɗana, Allah ya yi muku albarka da kuka tambaya kafin ku haƙa.

Ruwan da aka yi alwala da shi mai tsarki ne, ba najasa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka ce shi ne makaruhi ne a sake alwala da shi idan kaɗan ne kuma akwai wani, haka yake a Mukhtasar na Khalil. Shafi'iyya da Hanafiyya sun ce ba ya ɗauke hadasi karo na biyu, amma su ma ba su ce ya zama najasa ba. Ku kuma ba alwala za ku sake da shi ba, ice za ku shayar. Dattawan naku wataƙila ruwan tsarki suke nufi, wanda ke fitowa daga banɗaki. Wannan kam najasa ne, kuma idan a wurinku kwatar biyu sun haɗu, to maganarsu ta tabbata har sai kun raba su.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a tambayar nan ba shi ne kuka tambaya ba. Tafkin da ke bayan katanga, shi ne ke buƙatar fatawa. Annabi sallallahu alaihi wasallam ya ce babu cuta babu cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To yaya wanda ya zuba shi da kansa, kuma daga ɗakin Allah? Idan yaron maƙwabci ya kwanta da zazzaɓi saboda sauron da alwalarmu ta haifa, akwai haƙƙi a kan jama'a baki ɗaya, kwamiti a gaba.

Sai yawan ruwan kansa. Bukhari da Muslim sun rawaito daga Anas cewa Annabi yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu, zuwa mudu biyar. Ba mudun kasuwa na awon dawa ba, mudunnabi, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, wanda bai kai lita ɗaya ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya faɗa a babin tsarki cewa ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarnatar da shi kuwa wuce gona da iri ne kuma bidi'a. Yaranmu suna haddace wannan a makarantar allo, su girma su buɗe famfo su tsaya gaisuwa. Kada shuka itatuwa ya zama hujjar sakin famfo, a ce ai ice zai sha.

Ladan shukar kuwa sananne ne: duk Musulmin da ya dasa ice ko ya shuka iri, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. A suratu Hud, aya ta 61, Allah ya ce shi ya ƙage mu daga ƙasa, ya kuma sa mu raya ta.

Ku kiyaye abu uku. Malamai da yawa sun ƙi a dasa ice a cikin wurin sallah saboda yana ƙuntata sahu, don haka ku sa su a gefe, ko a jere daidai da sahun waje yadda ba za su yanke shi ba. Ruwan tulunan sabil, wato na sadaka da ake ajiye wa masu wucewa, da aka yi waƙafinsa don sha ba a kwasarsa a ba ice, sharaɗin mai waƙafi ake bi. Ruwan da almajirai suka wanke allo da shi kuma kada ya shiga kwatar alwala inda ake wanke ƙafa da majina. A ware masa gindin ice guda mai tsabta, a kewaye shi, a can za a riƙa zubawa. Kuma tun yanzu ku yanke a gaban jama'a: 'ya'yan itatuwan na kowa ne, ko sayarwa za a yi a sa a asusun masallaci? Lemon da bai fito ba ya fi sauƙin rabo.

Bashmuhandis Mai Famfo

Allah gafarta Malam, an gode. Ɗan'uwa, ga ɓangaren gini, amma kada a sayi ko bututu ɗaya sai an yi awo biyu.

Awon farko na ruwa ne. Ku tara jarkar lita 20 a bakin kwata, ku ƙirga nawa take cika daga asuba zuwa isha, kwana uku, ɗaya daga ciki Juma'a. A ce ana alwala 200 a yini, kowa ya zubar da lita 3, lita 600 ke nan. Da buta mai lita ɗaya abin zai sauko kusa da 200. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a yini, kuma yawanci robar ciki ce ta mutu, kuɗinta bai kai na shayi ba. Ku rage makullin da ke ƙarƙashin tanki har ruwan ya riƙa fita kamar kaurin fensir.

Awo na biyu na ƙasa ne, nan kuma mutane ke ruɗuwa. Ku haƙa rami santimita 30 a faɗi, tsawo da zurfi. Idan kuka zuba ruwa a busasshiyar laka zai ɓace nan take, ku ɗauka ƙasar tana sha. Tsaguwa ce ta haɗiye shi. Ku cika ramin ku bar shi ya kwana, laka ta kumbura ta rufe bakinta, washegari ku sake cikawa ku auna da sanda santimita nawa yake sauka a awa. Wannan na biyun shi ne gaskiya. A ƙasar Jazira da Sinnar za ku ga yana tafiya a hankali ƙwarai. Shi ya sa rami mai zurfi cike da duwatsu, irin wanda ke aiki a ƙasar rairayi, a nan rijiyar wari kawai yake zama. Faɗi ake nema ba zurfi ba, domin rana da saiwar ice su ne za su ɗauke ruwan.

Don kauce wa matsala ina lissafa lita 20 ga kowace murabba'in mita a yini. Lita 600 tana son murabba'in mita 30 na gurabe, wato ramuka masu faɗi marasa zurfi da ruwan zai zuba a gindin itatuwa. Gurbi 15 ke nan, kowanne murabba'in mita 2.

Yadda ake jera kayan: a bakin kwatar alwala a sa raga ta ƙarfe ko ta roba mai tsayar da asuwaki, leda da gashi. Daga nan ruwa ya shiga akwatin bulo da siminti, santimita 60 a 60, zurfi 70, da bango a tsakiya wanda ya raba shi gida biyu. Yashin ƙafa yana kwanta a gidan farko. Mafita ta zama ƙasa da mashiga da santimita 5, a sa mata gwiwar bututu mai kallon ƙasa don kumfa da abin da ke iyo kada su wuce. Murfi ya rufe ruf, in ba haka ba kun gina wa sauro bene. A kwashe laka daga ciki kowace Alhamis.

Daga akwatin bututun roba mai inci 2 ya isa, babban layi inci 3 idan Juma'arku tana cika. Gangara santimita 2 a kowace mita. Ku lura da abin da wannan ke nufi: layin mita 20 zai sauka santimita 40. Idan daɓen wurin alwala a ƙasa yake, ƙarshen bututun zai nutse ƙarƙashin saiwa, ruwan ya rasa mafita. Maganinsa a ɗaga daɓen da layi biyu na bulo tun farko. Ba sai an nemo na'ura ba, siririn tiyo mai haske cike da ruwa ya isa a daidaita gangara. A shimfiɗa yashi santimita 10 a ƙarƙashin bututun da samansa, saboda lakar nan tana motsi tsakanin rani da damina, tana ɓalle mahaɗa.

Kada a huda wa bututu ƙananan ramuka, kada a sa tiyon ɗigo. Wata ɗaya ba zai yi ba zai toshe. Kowane reshe ya ƙare da buɗaɗɗen baki a cikin rabin jarka da aka kife a gurbin, bakin yana sama da ƙasan gurbi da santimita 10 don saiwa kada ta shiga ciki. Gurbin zurfin santimita 30, a cika shi da yankakken karan dawa ko ɓawon gyaɗa har ruwa ya daina ganuwa. Ba a ajiye wannan ruwa a tanki ya kwana, cikin yini ɗaya yake fara wari.

Nisa: gurbi mita 3 daga kowane bango, mita 30 daga rijiyar sha. Jiƙa laka a gefe ɗaya na harsashi yana ɗaga shi, bango ya tsage. Garin sabulun wanki kuma kada ya shiga, gishirin da ke cikinsa yana kashe laka ta zama kamar daɓe. Masu wanke tabarmi da darduma su yi can wani wuri.

Hajiya Mai Mashtal

Sannunku da ƙoƙari. Bashmuhandis, ƙanena, lissafinka na ƙasa daidai ne, amma na ice akwai gyara. Lita 600 a gurbi 15 ya zama lita 40 kullum a gindin kowane dashe. A laka wannan kisa ne. Ƙaramin dashe lita 10 zuwa 20, sau biyu ko uku a mako, ya ishe shi a shekarar farko. Saiwa tana numfashi, idan ta zauna cikin ruwa ganye ya yi rawaya ya zube, mutane su ce ƙishirwa ce su ƙara ruwa. Ka raba layin gida biyu da makulli, wannan ya sha kwana uku, wancan ya huta. Dashen kuma kada ya zauna a cikin gurbi. A yi masa ɗan tudu mai tsayin tafin hannu a gefe, gurbin ya zagaye shi da nisan rabin mita.

Zaɓin ice. Don inuwa, darbejiya, wadda Larabawan nan ke kira nim. Tana saurin girma, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya a bazara, amma ba ta jure ruwa ya kwanta mata, don haka tudun nan dole ne. Tazara mita 6 zuwa 8 tsakaninsu, haka kuma daga ginin masallaci. Alƙiblarmu a nan arewa maso gabas take, sahun waje yana faɗowa kudu maso yamma, inda ranar la'asar ke duka. Can za a jera su. Lemon tsami da gwaiba suna son ruwa a kai a kai, su ɗauki gurabe na kusa, tazara mita 5. Zogale a bi katanga da shi. A can ƙarshen layi, inda rarar Juma'a ke taruwa, a yi rami mai faɗi a zagaye shi da ayaba, ita ce mai shanye ruwa da gaske, lambunan bakin kogi a Sinnar da Sinja shaida ne.

Aduwa da magarya da tsamiya itatuwan ƙasarmu ne masu albarka, amma ba su buƙatar wannan ruwan bayan sun kama, a dasa su nesa da bututu. Bagaruwa tana jure ambaliya wata da watanni, shi ya sa dazuzzukanta, da Larabawan nan ke kira sunut, suke a fadamun bakin kogi, sai dai ƙayarta ba ta dace da inda ake tafiya ba takalmi ba. In za a sa ta, bayan katanga.

Wanda zan roƙe ku don Allah ku guje shi shi ne miskit, wani baƙon ice mai ƙaya. An shigo da shi Sudan a 1917 don tare rairayi, ya cinye gonaki a Tokar da Gash da Sabuwar Halfa, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Akuya ta ci 'ya'yansa ta kai iri ko'ina. Icen damas kuma da ake yayi a birane, saiwarsa neman bututu take yi, za ta toshe aikin Bashmuhandis.

In za ku reni dashe da kanku: irin darbejiya ba ya ajiyuwa, a tsince shi ya nuna, a wanke naman, a shuka cikin mako biyu. Irin bagaruwa a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana. Ƙasar leda kashi biyu lakar bakin kogi, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kiran gara. Duk mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri don saiwa kada ta kafe a ƙasa. Wata uku zuwa huɗu sun isa dashe. Wanda ya shuka a Maris zai dasa a Yuli, farkon damina, da yamma.

Ramin dashe santimita 50 ta kowane gefe. A kankare bangonsa da fartanya, domin shebur yana goge laka ta yi sulɓi kamar cikin tukunya, saiwa ta yi ta zagaye. Kada a cika shi da yashi zalla, ruwa zai taru a ciki. A mayar da ƙasar ramin gauraye da taki. A yanke ledar a cire ta, a tattara a tafi da ita. Karan dawa ya tsaya nesa da jikin dashen da tafin hannu saboda gara.

Sai akuya. Itatuwan masallatai da makarantu da suka mutu, yawancinsu ba ƙishirwa ta kashe su ba. Kafin dashe ya iso, kariya ta riga shi: da'irar jan bulo mai tagogi, tsayin mita ɗaya da rabi, ko shingen ƙaya mai kauri. Shekara biyu cur. Kuma kowane ice a ɗaura shi a wuyan gida guda da sunansa, ba a wuyan jama'a ba. Ga mai neman dashe, gandun renon Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ne wurin fara tambaya, inda yake aiki.

Ɗan Kwamiti, Sinnar

Allah ya saka da alheri, Baba Malam, Hajiya, Bashmuhandis. Mun duba, kwatar banɗaki ɗaya tana haɗuwa da ta alwala, za a raba. Saura damina: a Agusta ƙasar gaba ɗaya a jiƙe take, ina ruwan zai je? Tsohon tafkin kuma wasu sun ce a zuba masa baƙin mai.

Ma'aikaciyar Lafiya, Madani

Yaya, baƙin mai a'a. Yana kashe tsutsar sauro na 'yan kwanaki, ya bar guba a ƙasar da kuke son shukawa, ruwan sama kuma ya kwashe shi zuwa tur'a, wato magudanar ban ruwan gonaki, inda dabbobi ke sha. A yanke ruwan da ke shiga, a cike wurin da ɓaraguzan bulo da ƙasa, a daddaɓe ya ɗan fi hanya tudu.

A zafin nan sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Don haka dokar ita ce kada a ga ruwa a buɗe ya wuce kwana uku a kowane gurbi. Tankin sama da tulunan sabil su ma a rufe, a wanke su duk mako, domin sauron denge a ruwa mai tsabta na cikin mazubi yake haihuwa.

Kwalara ta ɓarke a ƙasar nan a 2024, saboda haka abu biyu ba sassauci. Ruwan wankan gawa kada ya shiga wannan layi ko kaɗan, ya tafi ramin banɗaki. Kuma ba a shuka ganyen jirjir, salak, tumatir ko duk abin da ake ci ɗanye a waɗannan gurabe. Lemo da ayaba da suke sama ba su taɓa ruwan, babu laifi, wanda ya faɗo ƙasa a wanke. Mai kwashe akwatin Alhamis ya sa safar hannu ta roba, ya binne abin da ya kwaso, ya wanke hannu da sabulu.

Bashmuhandis Mai Famfo

Hajiya, na karɓi gyara, layi biyu da makulli. A kan damina gaskiya zan faɗa: babu ginin da zai sa jiƙaƙƙiyar laka ta sha lita 600 a Agusta. Abin da ake iya yi shi ne a rage abin da ke zuwa. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba a rufe famfo shida, a jera butoci, a bar biyu don cika su. Ruwan rufin masallaci kada ya haɗu da layin, indararo ya zuba a ganguna masu murfi, shi ma ruwan alwala ne na kyauta. Kowane gurbi a yi masa kunya mai tsayin santimita 15 don ruwan fili kada ya gangaro ciki.

A sa makulli na uku nan bayan akwatin yashi, wanda zai kauce wa darbejiya da lemo gaba ɗaya ya kai ruwan kai tsaye ramin ayaba. Tsakanin su a haƙa doguwar kwata, faɗin rabin mita, zurfin santimita 40, tsawon mita 10 ko fiye, a cika da fasasshen jan bulo, a rufe da buhunan roba sannan ƙasa. Tana riƙe rarar yini biyu ko uku a ɓoye har sama ta ɗauke. Idan duk da haka ruwa ya bayyana a sama, a ƙara tsawon kwatar, kada a ƙara zurfinta. A Oktoba, da ƙasa ta fara tsagewa, a buɗe mahaɗan a duba wanda ya ɓalle, a sabunta karan dawa, a mayar da ruwan layin itatuwa.